Gam ɗin Paraloid B-72: amfaninsa da gazawarsa wajen haɗa tukwanen tarihi a zafin Marwa da Injamena

Duk inda ake koyar da tarihi da haƙar kayan mutanen da a wannan yanki namu na Chadi da arewacin Kamaru, ko a Jami'ar Injamena ce da aka kafa a 1971, ko ta Ngaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ko ta Marwa da aka kafa a 2008, abin da ɗalibai suka fi dawowa da shi daga daji shi ne tsingaro. Tuddan mutanen Sao, wata tsohuwar al'umma ta kudancin Tafkin Chadi, da ke bakin kogunan Shari da Logon, irin su Gawi da Kusuri da Gulfe, da Mdaga inda masu bincike 'yan Faransa Jean-Paul Lebeuf da Annie Masson-Detourbet suka yi shekaru suna haƙa, cike suke da fasassun randuna da tuluna da 'yan mutum-mutumi na yumɓu. Da wuya tukunya ta fito daga ƙasa lafiya. Za ta fito gida goma, ko gida arba'in, sai a zuba a leda a rubuta lamba. Ranar da aka tashi haɗa ta domin a zana siffarta ko a nuna wa jama'a, tambayar farko ita ce da wane gam.

Abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne na shagon kayan gini, wato Super Glue da Araldite da farin gam na kafintoci. Dukansu suna kamawa, kuma dukansu ɓarna ce ga tukunyar tarihi. Tukwanenmu a fili ake gasa su da itace da ciyawa da kashin shanu, wutar ba ta kai ta tanderun masana'anta ba, saboda haka jikinsu na da laushi da 'yan ƙofofi masu shan ruwa. Araldite ya fi wannan yumɓu ƙarfi nesa ba kusa ba. Dubi randar da aka haɗa da shi shekarun baya: layin gam ɗin ya koma ruwan ƙasa, ya taurare, yana nan daram, amma gefensa da kamar faɗin farce wata sabuwar tsaga ta bi shi tun daga baki har gindi. Gam bai saki ba, tukunyar ce ta saki. Ga shi kuma asiton, wato ruwan sinadari mai saurin tashi da ake narka gam da shi, ba ya narkar da shi, sai dai a kankare da wuƙa, bakin tsingaron ya tafi tare da shi. Super Glue kuwa yumɓu na tsotse shi, ya bar baƙin tabo, ya kama tun kafin ka daidaita bakin, kuma da ya tsufa sai ya yi gautsi. Farin gam na kafinta yana laushi da damina, sannan bayan shekaru ya ƙi narkewa sarai. Akwai masu jiƙa ƙaro, tunda Chadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya kuma yana da araha, to amma laima na sakinsa, ƙwari kuma na cinsa.

Paraloid B-72 wani nau'in danƙon roba ne da kamfanin Rohm and Haas na Amurka ya ƙirƙira, yanzu yana hannun kamfanin Dow. Asalinsa ba a ruwa yake zuwa ba, 'yan ƙwayoyi ne garai-garai masu tauri, marasa wari, kai ne za ka narka su. Masu gyaran kayan tarihi sun karɓe shi sosai a matsayin gam tun bayan da wani ƙwararre a cikinsu, Stephen Koob, ya bayyana hanyar haɗa shi a 1986. Dalilin karɓuwarsa biyu ne. Ba ya canza launi ko da ya daɗe, kuma duk ranar da aka ga dama asiton zai warware shi ba tare da an ci bakin tukunya ba. Na biyun nan shi ne ginshiƙi, domin haɗin farko ba ya zama na ƙarshe. Wata haƙar za ta iya fito da gutsuren da ya ɓata, wani mai bincike zai so ya ga cikin yumɓun, ko kuma a gane ɗalibi ya sa wuyan wani tulu a jikin wani.

Haɗa shi na buƙatar sikeli mai auna giram, kwalbar gilashi mai faɗin baki da murfin ƙarfe, bandejin asibiti mai raga-raga, zare, da asiton mai tsabta. A auna asiton giram 100, wato kusan mililita 127, a zuba a kwalba. A ƙulle ƙwayoyin B-72 giram 50 a cikin bandejin, a rataye ƙullin da zare yadda gindinsa kawai zai taɓa ruwan, a rufe. Kada a zuba ƙwayoyin kai tsaye, za su nutse su dunƙule a gindin kwalba su yi kwanaki ba su narke ba. A rataye kuwa, wanda ya narke yana sauka ƙasa, sabon asiton yana hawowa, cikin kwana ɗaya ko biyu sai ka tarar da bandeji fayau. Daga nan a cire shi, a auna kwalbar, a buɗe ta a wuri mai iska har nauyinta ya ragu da giram 50. Abin da ya rage rabi danƙo ne rabi asiton, kaurinsa kamar na zumar da ta kwana a sanyi. Wannan shi ne gam na haɗawa. A ɗura shi a sirinji marar allura mai murfi ko bututun gorar ruwa irin na man goge baki da ba a taɓa amfani da shi ba, domin in ana buɗe kwalba kowane minti, kafin la'asar ya daskare.

Ana buƙatar wasu haɗin guda biyu masu ruwa-ruwa. Na farko giram 5 zuwa 10 na ƙwayoyin a cika da asiton har mililita 100, na shafa wa baki ne da ƙarfafa yumɓu mai zuba. Na biyu giram 20 a mililita 100, na rubuta lamba. Kowace kwalba a rubuta mata ƙarfinta da ranar haɗi da fensir a jikin takarda, don asiton na wanke rubutun biro da na alƙalamin maka.

A watan Maris da Afrilu asiton kan gudu tun kafin ka kai gutsure ga ɗan'uwansa, tunda a digiri 56 yake tafasa. Alamar ita ce gam ya yi fata a sama, ya riƙa jan zare, cikin layin kuma ya cika da 'yan kumfa waɗanda ke rage masa ƙarfi. Maganinsa a maye kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na asiton da sifirit mai ƙarfin kashi 95 ko sama, ya rage saurin bushewa. Na kantin magani mai kashi 70 ba ya yi, ruwan da ke cikinsa zai sa haɗin ya yi fari ya tsinke. Kuma a yi aikin da sassafe. A Ngaundare, inda tudu ya kawo sanyi da doguwar damina, matsalar daban ce: asiton na tashi ya sanyaya wurin, laimar iska ta kwanta a kai, sai ka ga farin hazo a kan gam. Shafa asiton kaɗan a ranar da iska ta bushe yana gusar da shi.

Kafin gam ya taɓa tukunya akwai maganar gishiri, kuma a nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa har su ɗora wa gam laifi. Ƙasar kewayen Tafkin Chadi ƙasar kanwa ce. Tsingaron da ya yi ɗaruruwan shekaru a cikinta ya sha gishiri ya ƙoshi. Da damina gishirin ya narke a cikin yumɓu, da hunturu ya bushe ya kumbura, ya riƙa ture fatar tukunya. Za ka ga farin gari a jikinta, ko ɓawo-ɓawo a ƙasan kantar da aka ajiye ta. In aka shafe irin wannan da B-72 an kulle gishirin ne a ciki, zai ɗago fatar gaba ɗaya tare da adonta. Sai an fara jiƙa gutsattsarin a tataccen ruwa, irin na zuba wa batir wanda ba asid a ciki, ko ruwan sama mai tsabta da ba na farkon damina ba. Ruwan rijiya kan zo da tasa kanwar. A riƙa canza ruwan kullum ana gwada shi da 'yar na'urar auna gishirin ruwa, har awon ya sauka ya tsaya wuri ɗaya kwanaki a jere. Amma a fara gwada ƙaramin gutsure guda, domin wanda bai gasu sosai ba zai narke ya koma laka, wanda kuma aka yi wa fenti bayan gashi, fentin zai bi ruwa. Waɗannan buroshi mai laushi kawai za a sa musu. Bayan jiƙo a shanya a inuwa har su bushe ƙarau, B-72 ba ya kama danshi.

Haka nan duk gutsuren da ke da baƙin hayaƙi ko ƙanzon abinci a cikinsa a ware shi gefe, kada a wanke, kada a shafa masa komai. Da irin wannan ƙanzo ake auna shekarun wuri a ɗakin gwaji, a kuma gano abin da mutanen suka dafa. B-72 daga man fetur aka samo shi, in ya shiga samfurin zai karkatar da awon.

Wajen haɗawa, a fara jera gutsattsarin a bushe ba gam, daga gindi zuwa sama, a gane wanda zai riga wani shiga. Akwai gutsuren da in ka haɗa maƙwabtansa biyu kafin shi, ƙofarsa ta rufe ke nan, ba zai shiga ba sai an warware. A goge kowane baki da buroshi, a shafa masa haɗin nan mai ruwa-ruwa, a bar shi ya bushe. Wannan shafi shi ke hana yumɓu tsotse gam mai kauri ya bar layin da yunwa, kuma masu tsallake shi su ne ke cewa B-72 ba shi da ƙarfi. Sai a ja siririn layin gam a baki ɗaya kawai, a haɗa, a matse sosai na kamar minti ɗaya, a bi layin da farce. In farce ya tuntuɓe, bakin bai zauna ba, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda ba a gindi zai zama gibin da yatsa zai shiga in an kai wuya. A kafa gutsuren a tsaye cikin daro mai yashi wankakke yadda nauyin na sama zai danne layin, layin kuma ya kasance sama da yashin. Gam ɗin da ya bulbulo kada a goge shi yana ɗanye, zai shafe ado ya bar ƙyalli. A bari ya yi tauri a ɗauke da reza. Salatif na takarda zai iya riƙe haɗi na kwana ɗaya, amma in ya yi mako a zafi zai bar tabo, ya kuma ɗebo fatar tukunya.

In haɗi ya karkace, iskar na'urar busar da gashi za ta tausasa shi a gyara. In warwarewa za a yi gaba ɗaya, a sa tukunyar a bokiti mai murfi tare da ƙaramin kofi na asiton a gefe, a shimfiɗa mata tsumma, tururin zai saki layukan cikin sa'o'i ba tare da an ja ba.

Wannan sauƙin tausasawa shi ne kuma babban aibinsa a wurinmu. B-72 na fara laushi a wajen digiri 40. A Turai ba wanda ya damu da wannan. A Marwa da Kusuri da Injamena kuwa, zafin Afrilu na wuce 40 a inuwa, ɗakin ajiya mai rufin kwano da aka kulle tagoginsa kuma ya fi waje zafi. Gam ɗin ba ya narkewa ya zuba, a hankali yake sulɓewa ƙarƙashin nauyi. Tulun da aka haɗa a watan Disamba lafiya lau, a watan Mayu sai ka ga wuyansa ya ɗan sunkuya, layin da ke kafaɗa ya buɗe baki, ƙura ta manne a kan gam ɗin da ya fito. Sabon haɗi ya fi shiga haɗari, domin sauran asiton da bai gama fita ba yana ƙara saukar da wannan iyaka, kuma fitarsa duka kan ɗauki makonni. Ga 'yan mutum-mutumi da ƙananan kasake wannan ba abin damuwa ba ne. Ga manyan randunan binne gawa na Sao, waɗanda ake naɗe mamaci a zaunar a ciki a kife da wata, masu kaurin jiki da nauyin da sai mutum biyu ko uku, B-72 shi kaɗai ba ya isa.

Mafita ta farko a gauraya shi da ɗan'uwansa B-48N, mai jurewa har wajen digiri 50, kashi uku na B-72 da kashi ɗaya na B-48N, a narka su tare yadda aka bayyana. Ga kaya masu nauyi sosai akwai B-44 da ke kai wajen digiri 60, sai dai ya fi gautsi, kuma ba a daɗe ana gwada tsufansa kamar B-72 ba. Mafita ta biyu ba ta gam ba ce, kuma ita ta fi muhimmanci: kada a bar layin haɗi ya ɗauki nauyi. A naɗa wa randa gammo na tsumman auduga ko buhun yashi ta zauna a kai, a tallafe cikinta, a ajiye ta a kantar ƙasa nesa da bangon yamma. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko mai silin ya fi ɗakin bulo mai kwano tsirara, kuma ma'aunin zafi mai riƙe awo mafi girma na yini zai nuna gaskiyar ɗakin cikin mako guda. Ba a ɗaga haɗaɗɗiyar tukunya ta baki, ba a kuma kulle ta a bayan mota da rana. A ganinmu ma, randar da ba za a kai ta ɗakin nuni ba bai kamata a tayar da ita duka ba. A haɗa daga baki zuwa gindi ta gefe ɗaya don a sami siffa, a zana, a ɗauki hoto da ma'auni, sauran a jera a akwati.

Inda B-72 ba shi da na biyu shi ne rubuta lamba, kuma ko don wannan kaɗai ya cancanci a saye shi. Tukunyar da lambarta ta ɓace ta rabu da littafin rajista, ba a san tudun da ta fito ba, ba a san zurfin ramin ba, ta zama kayan ado kawai. Takardar da aka jefa a leda gara na cinye ta, ledar kanta rana na ƙona ta. Farin ruwan goge rubutu da jan farce da ake shafawa a yi rubutu a kai suna ɓarewa cikin 'yan shekaru. Hanyar da ke ɗorewa ita ce a shafa siririn layi na haɗin giram 20 a cikin tukunya, ba a bakin karaya ba, ba a kan ado ba. Ya bushe sarai, a rubuta da tawadar zane baƙa, ko fara in jikin baƙi ne. Tawada ta bushe, a rufe da shafi na biyu da jan buroshi guda tak. In aka koma sau biyu, asiton zai narkar da na ƙasa rubutun ya cakuɗe. Lambar nan kuma ta kasance a rajistar takarda da ta kwamfuta, a ajiye kwafi a wani gini daban.

Ɗakunan ajiyarmu ba tukwane kaɗai ke ciki ba, shi ya sa ya wajaba a faɗi inda ba a kai wannan gam. Ba a kai shi kan takarda. Littattafan Larabci da ajami da wasiƙun fadar lamido ko sultan, da yawansu a kan takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku da fatake ke kawowa ta Tarabulus da Masar, in B-72 ya shige su sai takardar ta yi shara-shara ta sandare. Tawadarsu da ƙaro aka haɗa ta, ruwa kaɗan ma na kwashe ta. Yagaggen shafi a sa shi a tsakanin farar takarda marar asid a kwantar, ɗinkinsa kuma a bar wa wanda ya koyi aiki da kokon sitacin alkama da siririyar takardar Japan. Salatif mai ƙyalli ya fi komai illa a nan. Haka fatun Marwa da ƙoren da aka yi wa zane da tukwanen Gawi masu fenti, shafin B-72 na duhunta launinsu ya sa musu ƙyallin da ba nasu ba. Ƙananan dawakan tagulla na mutanen Kotoko kuwa ana iya yi musu siririn shafi bayan an tsabtace su, kodayake B-48N ya fi kama ƙarfe.

Samunsa sai an yi oda daga masu sayar da kayan gyaran tarihi a Turai, irin su Kremer Pigmente a Jamus ko CTS. A sayi ƙwayoyi, kada a sayi narkakke, domin jiragen sama ba sa son ɗaukar abin da ke kama wuta, ƙwayoyin kuma na shekaru a rufaffiyar kwalba ba su lalace ba. Rabin kilo zai daɗe wa sashe guda, tunda giram 50 na haɗa tukwane masu yawa, kuma ya fi kyau a haɗa odar da B-48N lokaci ɗaya. Asiton shi ne zai fi ba da wahala. Sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko masu sayar da kayan ɗakin gwaji su ne wurin nema. Ruwan tsinka fenti ba asiton ba ne, na goge jan farce kuma akwai mai da turare a ciki. A ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta, in ya tashi bai bar komai ba to ya yi, in ya bar maiƙo ko zobe a mayar wa mai shi. Tururinsa na kama wuta daga nesa, saboda haka murhun gawayin shayi da taba su tsaya a waje, tagogi a buɗe, kwalbar ajiya kuma a ƙasa cikin inuwa, ba a cika ta har baki ba.